Barau Mai Tantance Ƙanƙara

A garin da rana ke iya dafa ƙwai a kan murfin mota, Barau ya yi shekara talatin da ɗoriya yana zuwa aiki da rigar sanyi a hammata. Mutanen unguwar Ranuna a Madina sun saba ganinsa da safe a bakin titi yana jiran motar ma'aikata, kowa na sharce gumi, shi kuwa ga safar hannu tana leƙowa daga aljihu. A wata masana'antar ƙanƙara yake aiki, can wajen Ƙiblatain, tun yana ɗan shekara goma sha bakwai. Kakansa ne ya taso a ƙafa daga wani ƙauye na ƙasar Katsina, ya yi shekara tara a hanya, ya sauke farali, ya zo ziyara Madina ya ce shi kam ya iso. A unguwar Anbariyya aka haifi uban Barau, a nan aka haifi Barau, kuma in ka cire Makka da Jidda bai taɓa zuwa ko'ina ba.

Aikinsa tantancewa ne. Idan aka juye manyan bulo na ƙanƙara suka gangaro, shi ke tsaye a bakin magangara da ƙugiyar ƙarfe a hannu. Ya dubi bulo, ya ɗan ƙwanƙwasa, ya saurara. Wanda cikinsa ya yi garau kuma ya ba da ƙara siririya, wannan na ɗaya ne, shi ake kai wa masaukan baƙi da tankunan ruwan alhazai don yana jure rana. Wanda cikinsa ya yi fari, iska ta maƙale a ciki, na biyu ne, sai masu kifi da mahauta. Kafin ka ce kwabo ya gama yanke hukunci. Direbobi sun sha gwada shi, su ajiye bulo biyu a rana su zauna jira, kuma wanda ya ce zai riga narkewa shi ke riga. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima, in ji masu magana. Na Barau ya san ta har abin ya yi yawa.

Domin ba ya barin idon nan a wurin aiki, da shi yake dawowa gida. Ba a ajiye masa abu biyu ya bar su su zauna lafiya. Kankana biyu, sai ya faɗi wadda ta fi zaƙi tun ba a yanka ba. Matarsa Zaituna ta daɗe da daina tambayarsa yadda miya ta yi, don amsar kullum ita ce ta fi ta jiya, ko ba ta kai ta shekaranjiya ba. Duk wannan abin dariya ne a gidan. Inda dariyar ta tsaya shi ne a kan Saif.

Saif shi ne ɗansa namiji tilo, ƙanen 'yarsa Lubna. Allah ya haɗa shi sa'a da Ja'afaru, ɗan wan Barau, wata biyu ne tsakaninsu, makaranta ɗaya, aji ɗaya. Ja'afaru irin yaran nan ne da kafin malami ya rufe baki sun gane. Saif kuwa sai ya zauna da littafi har bayansa ya ƙage, ya kawo sakamako mai kyau, amma na Ja'afaru ya ɗara. Barau bai taɓa dukan yaron ba, bai taɓa zaginsa ba, unguwa duka shaida ce. Abin da yake yi kawai shi ne ya karɓi takardar ya duba, ya ce, "Ma sha Allah, ka yi ƙoƙari. Ja'afaru nawa ya samu?" A ganinsa ƙarfafa gwiwa yake yi. Yana son yaron kamar ransa, sai dai bai san yadda ake duban abu shi kaɗai ba, sai an jera masa da wani.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in wani kamfani ya ɗauki nauyin Saif zuwa Kanada ya karanci aikin injiniya, shekara huɗu. Daga nan sai mu'amala ta koma ta waya. Kowace Juma'a bayan la'asar, lokacin da gari ya waye a can, wayar falo ta yi ƙara. Da Zaituna sai ya yi rabin awa, har labarin tukunyar da ya ƙona yana ba ta. In aka miƙa wa uban kuwa, abin ba ya wuce haka:

"Kef halak, abuya?"

"Lafiya lau. Ya karatu?"

"Alhamdu lillah."

"Ya sanyi?"

"Alhamdu lillah."

Barau da Hausa, Saif da Larabci, kamar sauran yaran da aka haifa a nan. Daga nan sai ɗayansu ya ji tausayin ɗaya ya yi sallama. Abin yana cin Barau ƙwarai, ko da yake bai faɗa wa kowa ba. Tsoronsa ɗaya ne: yaron nan zai gama karatu ya ƙi dawowa. Ya san ɗa ba ya ƙetaro teku don uban da ba ya iya hirar minti ɗaya da shi. Ya yi shekara uku yana neman maganar da za ta riƙe Saif a waya, bai samu ba.

Wata Juma'a sai ya ji hayaniya a bayan muryar yaron, ihun jama'a da wani ƙwas-ƙwas kamar ana sara itace. Ya tambaya.

"Wasa ne a talabijin, abuya. Hoki. Kamar ƙwallon gora, bas a kan talji ake yi."

"A kan ƙanƙara? Mutane da ƙafafunsu?"

"Aiwa. Da takalma masu wuƙa a ƙasa."

"To kaurinta nawa? Kuma wa ke daskarar musu da ita ta yi shimfiɗe haka ba ta tsage ba?"

Saif ya yi dariya. Barau ya manta rabon da ya ji wannan dariyar a nasa kunnen, ba ta bakin Zaituna ba. Ranar nan minti ashirin suka yi. Yaron ya ba shi labarin bututun sanyi da ke ƙarƙashin filin, da motar da ke fitowa tsakanin zango da zango tana share ƙanƙarar tana zuba ruwan ɗumi. Barau ya ce daidai ne, ruwan ɗumi ya fi yin ƙanƙara mai garau, don iska ta fita daga cikinsa. Saif ya ce shi bai taɓa sanin dalili ba sai yau. Da aka ajiye waya Barau ya tashi ya zagaya falon sau biyu bai san abin da ya tashi yi ba.

A mako na gaba Saif ya yi masa bayanin zaɓen sababbin 'yan wasa. Duk shekara manyan ƙungiyoyi ke zama su zaɓi samari 'yan shekara sha takwas ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka sha kashi bara su ke fara ɗauka. A bana ƙungiyar garin su Saif ce ta zaɓa ta biyu, wata ta riga ta. Shi ne gari ya ɗauki musu, daga aji har wurin cin abinci: tsakanin yaron da aka ɗauka na ɗaya da wanda aka ɗauka na biyu, wa zai fi yin nisa? Abin nema ya samu. An kawo wa Barau abu biyu, kuma a kan ƙanƙara.

Kaset ɗin farko wani mai zuwa Umara ne daga masallacin su Saif ya kawo shi har ƙofar gida, a naɗe cikin jarida. Daga nan duk wanda zai taho sai an ɗora masa. Lubna, da ke koyar da Turanci a makarantar 'yan mata, takan zo ran Alhamis ta fassara masa abin da mai sharhi ke cewa. Bayan mako uku ya sallame ta, ya ce mutumin surutu kawai yake yi, bai san ƙanƙara ba. Sai ya riƙa kashe sautin, ya zauna bayan la'asar da butar shayi, hancinsa kusa da gilashin talabijin, yana bin wani ɗan baƙin abu mai kama da wainar da ta ƙone.

"Abu Saif," in ji Zaituna, "ka wuni cikin ƙanƙara, ka dawo ka zauna kallon ƙanƙara. Mu dai mun huta da kunna mukayyif don sanyaya ɗaki."

Bai iya sunayen yaran ba, sai ya raɗa musu nasa. Na ɗayan ya kira shi Mai Kunne. Na biyun, gwanin Saif, ya kira shi Ɗan Wahala. Kuma ba a banza ba. A zangon farko, lokacin da fili yake sumul, yaran biyu ba su da wani bambanci, har ma Ɗan Wahala ya fi gudu da ƙarfin bugu. Amma Barau ƙarshen zango yake jira, sa'ad da wuƙaƙe suka gama kartar filin, gari-garin ƙanƙara ya taru a gefe, fuskarta ta yi laushi. A nan Mai Kunne ke sake tafiya. Ya rage tsawon taku, ya daina bin gefe, in zai miƙa wa ɗan'uwansa sai ya ɗan ɗaga abin sama ya tsallake garin. Ba wanda ya gaya masa, ƙafarsa ce ke ji. Ɗan Wahala kuwa yadda ya fara haka yake ƙarewa. In ƙanƙara ta ƙi sai ya ƙara ƙarfi, ya dunƙule, ya yi ta turawa har numfashinsa ya ƙare. Barau ya gane haka tun a kaset na biyu, kuma ya san ba a cin ƙanƙara da faɗa.

Bai faɗa ba, kuma wannan ba ƙaramin jihadi ba ne ga mutum irinsa. Zaituna ce ta ja masa kunne. Ta ce, "Ka bar yaro da gwaninsa. Ba a ce ka tantance ba, hira aka ce ka yi." Ya ji, ya kama bakinsa wata huɗu cur. Waɗannan watannin su ne mafi daɗi da ya yi da ɗansa tun yaron na rarrafe. Ran Juma'a Zaituna ce ta koma jiran a miƙo mata waya. Saif ya yi ta ba shi labarin Ɗan Wahala: shi ke fara zuwa filin horo, shi ke ƙarshen fita, ba ya magana da 'yan jarida, ubansa direban babbar mota ne. Har Hausa ta fara kuɓuce wa Saif a tsakiyar zance, ya ce "wallahi yaron nan akwai naci," Barau ya ji kamar an ba shi kujerar Makka, shi da ke tafiyar awa huɗu da ita. Sau ɗaya ma yaron ya ce, "In na dawo zan koya maka dokokin sosai." Barau ya maimaita wa Zaituna wannan magana ta fi sau goma.

Amma hali zanen dutse ne. Wata Juma'a, bayan Ɗan Wahala ya ci biyu a wasa ɗaya, Saif ya kira cike da murna.

"Ka ga shirit ɗin ƙarshe, kaset ɗin da na aiko, abuya? To yanzu faɗa mini bi saraha, tsakani da Allah. Wa ya fi?"

"Kowa da irin baiwarsa."

"La, la. Kai ne Barau mai tantancewa. Ba na son amsar limamai. Wa zai yi nisa?"

An taɓa shi inda yake masa ƙaiƙayi. Ɗansa ne da kansa ke neman hukuncinsa, abin da bai taɓa faruwa ba. Sai ya gyara zama ya zazzage duk abin da ya tara wata huɗu: takun, gefen fili, garin ƙanƙara, ƙarshen zango. Saif ya yi musu, da daɗi, yana cewa naci ma baiwa ce, yaro yana iya koyo. Barau ya ce akwai abin da ake koya, akwai wanda ake zuwa da shi. Musu ya yi daɗi, Zaituna tana daga bakin ƙofar kicin tana yi masa alama da hannu, bai ko dube ta ba. Yana ta neman misalin da zai sa yaron ya gane, sai mafi kusa ya faɗo masa a baki.

"Ka gane, ya waladi, kamar kai da Ja'afaru ne. Kai ma ai ba wanda ya kai ka ƙoƙari. Amma shi da abinsa ya zo."

Da murmushi ya faɗe ta. Wallahi a ransa yabo ne ya yi, ya ce ba wanda ya kai shi ƙoƙari. Sai da bakin alƙalami ya bushe sannan ya ji nauyin abin da ya fita daga bakinsa.

"Tayyib, abuya," in ji Saif. "Ba ni Ummi."

Magana zarar bunu ce. Kaset bai sake zuwa ba. Masu Umara suka ci gaba da kawo wa Zaituna man shafawa da hotuna, ba ko jarida ɗaya a naɗe. Hirar Juma'a ta koma gidan jiya, lafiya lau da alhamdu lillah, sai dai yanzu Barau ya san abin da ya rasa, don ya ɗanɗana. In ya ɗauko zancen wasa, Saif ya ce karatu ya yi yawa, ba ya samun kallo. Zaituna ba ta ce masa "ai na gaya maka" ba, da ta faɗa ma da ya fi masa sauƙi. Ya rame. A wurin aiki har ya bar wani bulo mai farin ciki ya wuce cikin na ɗaya, direbobi suka yi ta mamaki.

Barau ba mutumin da ya iya ba da haƙuri ba ne, ba don girman kai ba, shi dai bai ga inda ya yi ƙarya ba, kuma bai san yadda ake janye gaskiya ba. Sai ya yi abin da ya iya. Ya ɗauko kaset goma sha ɗayan nan ya fara daga farko, wannan karon ya hana idonsa bin Mai Kunne. In yaron ya shigo hoto sai ya sa tafin hannu ya rufe wannan gefen gilashin. Ɗan Wahala kaɗai yake kallo, shi kaɗai, ba tare da kowa a gefensa ba. Yana da shekara hamsin da uku, wannan ne karo na farko da ya yi wa wani abu irin wannan kallon, kuma ya sha wuya kafin idonsa ya yarda.

Ya kuwa ga abubuwa. Ya ga in an ƙwace abin bugu aka yi wajen ragarsu, Ɗan Wahala ne ke fara juyawa ya koma tsaro, ko da shi ne mafi nisa. Ya ga yana jefa jikinsa gaban bugu, ya tashi yana ɗingishi ya ci gaba. Ya ga in ɗan'uwansa ya yi kuskure shi ke zuwa ya ɗan taɓa shi da gora a ƙafa, alamar ba komai. Duk wannan yana cikin kaset ɗin tun farko, ya wuce ta gaban idonsa sau da yawa. A nan ne kuma ya tuna Saif yana ɗan shekara goma, yana kawo masa ruwan ɗumi a roba ya tsoma hannuwansa da suka sandare in ya dawo aiki, ba wanda ya aike shi. Bai taɓa yi masa godiya ba. Ya zauna gaban talabijin ya yi kuka, da rana tsaka, kofin shayi a hannu.

Ya yi mako biyu yana shirya maganar. A lokacin wata uku ya rage Saif ya gama karatu. Ran Juma'a ya ce wa Zaituna shi zai fara ɗauka.

"Saif, kada ka ce komai, ka saurare ni. Na sake kallon yaron nan naka. Na yi masa kallon da bai dace ba. Akwai abin da yake da shi wanda wancan ba shi da shi." Ya lissafa su ɗaya bayan ɗaya, komawa tsaron, tare bugun, taɓa ɗan'uwan. Ya ce, "In ni ne mai ƙungiya, irinsa nake so a kusa da ni. Na yi kuskure."

Saif ya bar shi har ya kai aya. Da ya tashi amsawa bai yi Larabci ba. Da Hausa ya yi, a hankali, yana zaɓen kalma kamar mai taka tsani a duhu, kuma babu fushi ko kaɗan a muryarsa.

"Baba, ba ka yi kuskure ba. Tun watan jiya suka mayar da shi ƙaramar ƙungiya. Sun ce ya kai iyakarsa. Wancan kuwa shi aka ba kyautar sabon ɗan wasa na shekara. Yadda ka faɗa haka ya zama."

"Wannan ba shi ne..."

"Kai ba ka kuskure, Baba. Tun ina ƙarami na sani, kowa a unguwa ya sani. Shi ya sa ban taɓa jin haushinka ba. Da wani ne yake faɗa mini ni na biyu ne, da na ce bai sani ba. Amma kai ne, sai na yarda."

Barau ya jingina da bayan kujera. Duk rayuwarsa abin da yake taƙama da shi ke nan, a ce idonsa ba ya kuskure. Yau ga ɗansa ya ba shi wannan shaidar da zuciya ɗaya, kuma da zai iya, da ya ba da idon duka biyu a ce masa maƙaryaci.

"Akwai wata magana," in ji Saif. "Kamfanin yana da reshe a nan, sun ce in zauna in yi musu aiki, na karɓa. A nan ba wanda ya san Ja'afaru. Ina so in ga yadda nake in ba a jera ni da kowa ba. Ka yi mini addu'a."

"Allah ya yi maka albarka," in ji Barau.

"Amin. Ba ni Ummi in gaya mata da kaina."

Ya miƙa wa Zaituna wayar. Bai tashi ba, ya zauna a gefenta a kan kujera, hannuwansa a kan gwiwa, yana jin muryar ɗansa ƙanƙanuwa tana fitowa daga kan wayar, tana rarrashin uwarsa da Larabci.